Na ci abinci da silima, ban shiga cikinta ba

An haife ni lokacin yaƙin Hitila, a wani ƙaramin gari da ke kan layin dogon da ya tashi daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda. Ba zan kama sunan garin ba, domin jikokin mutanen da zan ambata suna nan da ransu, wasunsu ma sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci. Layin ya isa Ƙaura a 1929, kuma dattawanmu sun ce kafin zuwansa wurin nan ban da 'yan bukkoki da itatuwan kuka babu komai. Jirgi ne ya jawo kantuna, kantuna suka zo da sikeli. Mahaifina ɗinkin buhu yake yi a kasuwar auduga idan kaka ta yi, da damina kuma ya koma gona kamar kowa.

Sai na fara da yadda kuɗi ke shigowa irin garinmu, in ba haka ba yaran yanzu ba za su gane sauran labarin ba. Kuɗi sau ɗaya suke zuwa a shekara, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin cinikin gyaɗa da auduga. Akwai kantin UAC, akwai na John Holt, akwai na GBO, sai kuma Kwarori, wato fataken Labanan da Siriya, da ke saye a gefe. Daga 1949 hukumar ciniki ce ke yanke farashi ta sanar kafin a buɗe kasuwa, su kamfanonin nan wakilai ne kawai masu lasin. Malamin duba zai cusa hannu cikin audugarka ya ce lamba ɗaya ce ko lamba biyu, a auna, a biya ka, a loda ta zuwa injin gurza na kamfanin auduga na BCGA a Funtuwa. Manomi ba ya son kuɗin takarda, sulalla yake so a zuba masa ya ƙirga. Kwabo goma sha biyu sule ɗaya, sule ashirin fam ɗaya, ga taro da sisi da nai a tsakani, ga kuma ɗari, wato rabin kwabo, da anini na yara. A 'yan watannin nan ake biyan haraji, a yi aure, a sayi turmin atamfa, mai rabo ya hau sabon keke Raleigh.

Masu wasa ma sun san wannan lissafin sarai. Da an fara awo sai ka gan su: 'yan dambe da makaɗansu, gardawa da kurarsu, 'yan gambara suna bin rumfuna suna zambo har sai an ba su, 'yan kama suna wa'azin tuwo da miya. Da dare goge na tashi a gidan magajiya, a ƙauyukan kewaye kuma samari na shirya kalankuwa. Ana rufe kasuwar auduga, duk sai su watse.

Majigi shi kaɗai ne ba ya bin kuɗi, domin na gwamnati ne, kyauta ake kallo. Da rana mai shela zai zaga gari, da la'asar mota ta tsaya a ƙofar gidan hakimi, a kafa farin ƙyalle, a ɗora lasifika a kan mota, a tayar da injin wuta. Hakimi da mutanensa a kan kujeru, mu yara a ƙasa can gaba, mata daga baya nesa. Innata takan ɗora mini farantin gyaɗa mai gishiri, kowane gwangwani a kan ɗari, ta ce kada in dawo da ko ƙwaya. Abin da ake nunawa bai wuce tsabtar rijiya saboda kurkunu ba, da yadda ake tuge itacen auduga a ƙone bayan an gama tsinka, da ajin Yaƙi da Jahilci, daga baya kuma hawan daba da aka yi wa Sarauniya a Kaduna a 1956, da tafiye-tafiyen Sardauna.

Wasu daga cikin hotunan akwai muryar Bature a ciki, amma ba ma jin ta. Ana rage ta ne, wani ma'aikaci ya kama makirfo ya yi bayani da Hausa. Shi ne sarkin wajen. Idan ya hango Fulani sun yi yawa a taron, to malalacin manomin nan da aka nuno yana barci a gindin itace lalle Babarbare ne. Idan mahauta ne a gaba, mai ƙazamar rijiyar nan zai zama ɗan Sarkin Fawa. Mutane su yi ta kwasar dariya, wa'azin tsabta kuma ya shiga ba a sani ba. Ni a raina har na girma ina ɗauka duk wani fim a duniya da mai bayaninsa yake tafe. Sai daga baya na ji cewa a Amurka tun 1927 hoto ke magana da bakinsa, a Indiya tun 1931, a Kano ma tun 1937 aka buɗe Rex a Sabon Gari ana karɓar kuɗin ƙofa.

Labarin silimar kuɗi da mummunan fuska ya fara iso mana. Ranar 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya a Kano, mutum 331 suka rasu. Fasinjojin jirgi ne suka kawo labarin, kowa da yadda yake faɗa. Zaren fim na manyan gidaje a wancan zamani wani irin abu ne mai saurin kama wuta, in ya kama kuma ruwa ba ya kashe shi da sauƙi, amma a zauren mahaifina ba wanda ya yi wannan maganar. Abin da aka ce shi ne fushin Allah ne ya sauka. Shekarar da ta biyo baya aka buɗe Palace kusa da Kasuwar Kurmi, a cikin birni, muka ji har jifan masu shiga ake yi. Tun daga nan mahaifina ya sa silima a layi ɗaya da giya da caca.

To, bayan zuwan Sarauniya da kaɗan sai wani Kwara mai sayen gyaɗa ya zagaye wani fili a bayan tasha da katangar ƙasa mai tsawo, ya shafe bango ɗaya da farar ƙasa, ya gina wani ɗan ɗaki daura da shi ya sa injin haskawa. Babu rufi. Gaba tabarma da ƙasa, sisi. Baya benci, sule. Shi ke nan silimar garinmu. A nawa ganin ba don son wasa ya yi ba: kuɗin da ya biya manomi da rana a kan sikeli, su yake son su dawo masa da dare.

Lokacin ina yaron kawuna, ƙanen Inna, mai shayi a tasha. Jirgi ba kullum yake zuwa ba, ranar da babu shi sai mu wuni muna korar ƙuda. Kawu ya ce zai kafa tebur na biyu a ƙofar silima, ni zan riƙe. Da maganar ta je kunnen mahaifina sai ya ce sam. Kawu bai yi gardama ba, ya ce su je wajen malam. Ina tsugune a bakin zaure na ji yadda aka yi.

“Allah gafarta malam,” in ji Kawu, “ruwan zafi da sukari ne. Wanda ya sha ya shiga, da wanda ya sha ya wuce masallaci, duk kwabo ɗaya suke ba ni.”

Malam ya yi shiru, can ya ce cinikin shayi halal ne, amma ƙafar yaro ita ce abin tsoro. Mahaifina ya kira ni ya ce, “Kai, zo nan. Ka nemi abincinka a ƙofa. Amma muddin ina numfashi, ƙafarka ta tsallaka ciki ban yafe ba.” Na ce, “To, Baba.” Haka na zauna a ƙofar silima tun ban fara aske gemu ba har na aurar da 'yata ta fari, mafi yawan shekarun nan ban san yadda cikinta yake ba da dare.

Katanga tana tare ido, amma murya tsallakowa take yi. Lasifikar Kwara kuwa babba ce, a daren hunturu har unguwar mahauta ake jin ta. Ni da nake jingine da katangar, babu fim ɗin da ya zo garinmu da ban ji shi daga farko har ƙarshe ba, wani sau da yawa. Kuma da kunnen nan nake ciniki. Injin Kwara ɗaya ne tak, faifai ɗaya yakan ɗauki kamar minti arba'in, in ya ƙare sai an tsaya an cire an ɗaura wani. A wannan ɗan tsakanin mutane ke ɓarkowa waje, kowa na sauri. Idan ruwana bai tafasa ba a daidai lokacin, na yi asarar dare. Don haka na haddace inda kowane faifai ke ƙarewa. A fim ɗin kaboyi, in na ji sukuwar dawaki ta biyu da harbi ya yi yawa, sai in ƙara gawayi. A na Indiya, akwai waƙar da in mace ta ɗauko ta, na san saura kaɗan, sai in jera kofuna in fasa gwangwanin madarar Peak in yanka burodi. Mai tsire da ke gefena ba ya sauraron komai, ni yake kallo: da ya ga na miƙe sai ya juya tsinkensa.

Kafin shekara ta zagayo ƙofar nan ta zama kasuwar dare. Mai rake da wuƙarsa, mai goro da taba yana sayar da sigari kara-kara, wata Bayarabiya daga Sabon Gari da ke kawo mana burodi tana kuma soya doya, 'yan mata masu dafaffen ƙwai da aci-balbal ɗinsu a can gefe, ba sa matsowa kusa da ƙofa. Wanda ya fi mu duka dabara shi ne mai gyaran keke. Ya kafa turaku ya ɗaura igiya, duk wanda ya zo da keke ya ajiye a ba shi ɗari, kafin a fito kuma ya tabbata ya gano wa mutum wata matsala a tayarsa. Ni na sayi fitilar Tilley mai famfo da ribar kakar farko, kuma hasken nan kaɗai ya ninka mini ciniki, domin a garin da babu lantarki mutane wajen haske suke taruwa. Da rana yara biyu ke zaga gari da allo an manna hoton fim ɗin ranar, suna kaɗa ƙararrawa, ladansu shiga kyauta.

Masu shiga su ne 'yan dako, leburorin reluwe, direbobi da yaransu, akawunan kanti, samarin ƙauye da suka sayar da gyaɗa ranar, da mata masu zaman kansu. Amma ainihin cinikina ba a wajensu yake ba. A wajen waɗanda ba sa shiga yake. Na sa benci biyu a jikin katanga, kuma kullum cike suke: wanda ba shi da sisi amma yana da kwabo, da wanda yake da fam a aljihu amma girmansa ya hana a gan shi a layin tikiti. Shan shayi dai ba abin kunya ba ne. Mutum zai riƙe kofi ɗaya awa biyu, kansa a sunkuye, kunnensa a bango. In an tambaye shi gobe, wajen mai shayi ya je hira.

Abin da ya rage shi ne ba mai jin abin da ake faɗa. A nan Allah ya kawo mini wani tsohon soja. Yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa yaƙin Bama, kuma ta Indiya aka bi da su, ya zauna can an ba su horo. Ya ce yana jin Indiyanci. Mun kira shi Baba Soja. Zai zauna a ƙarshen benci, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya rufe ido. Namiji ya yi magana a lasifika, mace ta amsa da kuka, sai ya ɗaga yatsa: “To, ya ce mata ubansa ya hana. Ta ce in haka ne rijiya za ta faɗa.” Benci ya ɗauki salati. Wani ya ce, “Baba Soja, to shi bos ɗin fa?” Ya ce, “Yi haƙuri, ɗan nan, yana bayan ƙofa yana jin su.” Mutumin da bai ga ko inuwar hoton ba! Nakan lura cewa fim ɗaya in an maimaita shi, labarin Baba Soja yakan canza, jiya 'yar sarki ce, yau 'yar mai gona. Ba wanda ya taɓa kama shi da wannan, ni kuwa ba ni zan fasa ƙwai ba. Shayinsa da burodinsa kyauta ne a teburina har ya bar duniya, Allah ya jiƙansa. Har wasu da suka biya sule suka kalla da idonsu sukan fito su tambaye shi abin da aka ce a wuri kaza.

Mai kula da injin wani Ibo ne da ya koyi aikin a Legas, kowa Ofareta yake ce masa. Ba ya shan shayi da sukari da yawa, kuma shi kaɗai ne yake biya kafin ya sha. Wata rana na tambaye shi inda muryar take ɓuya. Washegari ya zo da guntun zaren fim da ya yanke, ya ɗaga shi a gaban fitilata. Ga 'yan hotuna a jere, kowane kamar ɗan'uwansa, a gefe guda kuma ga wani siririn layi mai kauri nan, sirantaka can. Ya ce wannan layin shi ne maganar. Akwai wani ɗan ƙaramin ƙwai a cikin injin da ke haska shi, hasken ya koma ƙara. Shi ya sa in zare ya tsinke aka yanke aka liƙa, waƙa takan yi tsalle. Kuma fim ba ya iso mana sai ya gama Legas da Kano da Kaduna da Zariya, ya zo a jirgi cikin gwangwaninsa duk ya sha liƙi. In aka yi tsallen nan a tsakiyar waƙar da ake so, sai ka ji ciki ya ɗauka, “Ofareta ɓarawo! A maido!” Shi kuwa ba abin da ya sata.

Sana'ar tana da nata dafin. Da na nemi aure, uban yarinyar ya ce ba zai ba ɗan silima 'yarsa ba. Kawu ya je ya yi rantsuwa cewa ban taɓa shiga ba, bai yarda ba. Sai uban ya aiko ƙanensa da dare ya duba ni a ɓoye. Ƙanen ya zo ya laɓe a bayan mai rake, ya hango bencina, ya ga mutum biyu da suke gaba da yayansa a sahun sallar asuba suna zaune, Baba Soja na yi musu fassara. Ya koma ya faɗi abin da ya gani. Ba a sake tayar da maganar ba, aka sa rana. Ita ce uwar 'ya'yana.

Damina kuwa wahala ce tsagwaronta. Fili ba rufi, hadari na haɗuwa Kwara zai ce a rufe inji, kuɗi kuma sun riga sun ƙare a hannun mutane. Da azumi ma rufewa yake, bisa alkawarin da ya yi wa hakimi. A watannin nan bashi nake bayarwa, sai kaka a biya. Ban yi boko ba, da ajami nake rubutawa a wani littafi, kuma galibi ana biya, domin wanda ya ci bashin mai shayi ba shi da wajen zama in an dawo da fim.

A 1966, da rikici ya tashi, Ofareta ya tafi. Kawu ne ya ɓoye shi a ɗakin gawayinmu har aka samu hanyar fitar da shi, bai ɗauki komai ba sai rigar jikinsa. Ban sake jin labarinsa ba. Yaronsa, wani ɗan garinmu, ya karɓi injin. Ya iya ɗaura zare, amma da ɗan ƙwan nan na murya ya mutu bai san inda matsalar take ba. Aka yi kwanaki ana nuna hoto babu magana. Masu shiga ba su fasa ba, an ma rage musu kuɗi. Ni ne na ji a jikina: benci ya zama wayam, ruwa kuma ban san lokacin da zan tafasa shi ba, sai dai in ga mutane sun fito. Ni na tuna da abin da Ofareta ya nuna mini, na ce wa yaron ya duba ƙaramin ƙwan, aka aika Zariya aka sayo.

Bayan rasuwar mahaifina, da aka yi sadakar arba'in, na je na tambayi malam ko alkawarin ya sauka. Ya ce ya sauka, sai dai bai ga abin da zan samu a ciki ba. Na bar yarona a tebur, na biya kuɗin benci na shiga. Fim ɗin Indiya ne da na san kowace waƙarsa. Ektan da na daɗe ina ɗauka dogo ne mai saje, ashe gajere ne mai kumatu, kuma rijiyar da Baba Soja ya sha faɗa babu ita ko ɗaya. Faifan farko na kusa ƙarewa na ji hankalina ya koma kan tukunya, ko yaron nan ya ƙara gawayi. Na fito tare da jama'a, na tarar bai ƙara ba.

Dokar 1972 ta ce harkar silima ta 'yan ƙasa ce, Kwara ya sayar wa wani Alhaji ya koma Kano. A 1973 aka canza kuɗi zuwa naira da kwabo, ga fari ya zo a kai, sannan a 1975 cuta ta kama gyaɗa ta yi mata mummunar ɓarna a ƙasarmu. Kantunan suka rufe ɗaya bayan ɗaya, kaka ta zo babu sulallan da za a biya bashin damina. Rediyo kuma ya shiga kowane gida, waƙar Indiya ba sai ka zo jikin katanga ba. Alhajin ya ci gaba da nunawa jefi-jefi na wasu shekaru, daga baya ya yi wa filin rufi ya mai da shi sito. Ni ban jira hakan ba. Na bar wa yarona teburin da fitilar da benci biyun a kan ya riƙa biya a hankali, littafin bashin kuma na yafe abin da ke ciki, na kama rumfa a kasuwa na shiga awon hatsi. Da awon na je Makka, da shi na aurar da sauran yaran.